Neman "itacen ƙarfe" a wata makaranta a Garwa, da yadda aka ƙare a kan ƙirya

A ƙarshen watan Janairu, hazo bai gama sakin gari ba, wata Hajiya mai makarantar firamare da Islamiyya a bayan garin Garwa da ke arewacin Kamaru, ta wajen Jambutu, ta aiko a kira ni. Sana'ata renon dashe ce da shuka itatuwa a gidaje da makarantu, amma ba ni na yi mata aikin farko ba. Abin da ya sa aka neme ni shi ne wani yaro ɗan aji biyu ya fito da gudu da aka tashi shan iska, ya taka wani reshe a bakin hanya, ƙaya ta huda silifa ta shige masa tafin ƙafa. Uwar yaron ta zo ta yi faɗa, kuma da gaskiyarta. Ƙayar daga jikin itatuwan ado ta fito, waɗanda Hajiya ta biya kuɗinta aka dasa mata da daminar da ta wuce.

Makarantar sabuwa ce. Azuzuwa shida, ofis, ɗan masallaci, katangar bulo, sai hanya miƙaƙƙiya daga ƙofa zuwa ofis mai tsawon kamar mita 80. Ban da wannan fili ne fetal, babu inuwar da akuya za ta fake, domin magina sun share komai kafin su aza harsashi. Ƙasar jigawa ce ja-ja a sama, in ka haƙa kamu biyu ka tarar da tsakuwa da marmara, sai kusurwar gabas da ta ɗan yi kwari, inda ruwa kan kwanta kwana biyu ko uku in an yi mai ƙarfi. Akwai foraj, wato rijiyar burtsatse, da tanki. Burin Hajiya layi biyu ne na itatuwa, dama da hagu, da za su yi wa hanyar rumfa, iyaye in sun shigo su ga wuri mai kyan gani.

Na tambaye ta wane itace ta ce a kawo mata. Ta buɗe waya ta miƙo mini. Hoto ne da ɗanta mai karatu a Jamus ya ɗauko a wani wurin shaƙatawa cikin watan Oktoba: bishiya mai faɗin kai, ganyenta ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro duk a lokaci guda, ɓawonta dabbare-dabbare. A ƙasan hoton ya rubuta mata sunan da ya gani a allon da ke gindinta, ya ƙara da cewa ana yi mata laƙabi da bois de fer, wato itacen ƙarfe.

"Malam, wannan na ce a kawo mini," in ji ta. "Itacen ƙarfe na ce. Ashe ƙarfen a ƙayar yake."

Ɗan ƙanenta ta ba saƙon, kuma yaron ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya fara zuwa wurin wani kafinta, kafinta ya ce ya san bois de fer sarai, daga kudu ake kawo shi, amma shi katakonsa ya sani, bai taɓa ganin dashensa ba. Ya gangara wurin masu sayar da dashe a bakin titi. Na farko ya nuna masa filawo ya ce ga shi nan. Na biyu ya duba waya, ya ga an rubuta cewa wani itace mai suna Prosopis ana ce masa itacen ƙarfe, shi kuwa yana da Prosopis jere a leda, ga araha, ga saurin girma, ga shi ba ya neman ruwa. Aka ɗauki ashirin da huɗu. Ban ɗauka mai dashen ya yi niyyar cuta ba. Rabin sunan ya karanta, ya sayar da abin da ke hannunsa.

A nan matsalar take. Itacen ƙarfe laƙabi ne, kamar a ce wa mutum Dogo. Kowace unguwa da Dogonta, kuma in ka aiki yaro kasuwa ya kira maka Dogo, wanda ya fara amsawa shi zai kawo maka. Duk inda mutane suka sari itace gatari ya dakushe, sai su ce masa ƙarfe, ko da Turanci ko da Faransanci, shi ya sa itatuwa masu yawa da ba su haɗa dangi ba suke amsa wannan suna a nahiyoyi dabam-dabam. Mu ma muna da maƙarfo a dajinmu, ji sunan kawai.

Na hoton Hajiya sunansa na kimiyya Parrotia persica. Asalinsa dazuzzukan da ke kudancin tekun Kasfiyan ne, a arewacin Iran da wani yanki na Azarbaijan, kuma an raɗa masa sunan ne don tunawa da Friedrich Parrot, masanin da ya hau dutsen Ararat a 1829. A Turai da Amurka ana shuka shi saboda abin da Hajiya ta gani, launin ganyensa kafin ya zube. To amma wannan launi ba haka kawai yake zuwa ba. Sai yini ya gajarce sosai, dare ya yi sanyi, itacen ya janye koren da ke cikin ganye yana shirin barcin hunturu na watanni, sannan jan da ruwan ɗorawar suke bayyana. Garwa tana kusa da digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu bai cika canzawa ba daga Janairu zuwa Disamba, sanyin da ke sa mu nemi rigar sanyi da garwashi kuwa a wurin wannan itace ɗumi ne. Ga kuma Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 bayan an shafe wata biyar ba ɗigon ruwa. Na ce mata ko da an sha wahala an shigo da shi ta jirgi, ko dai bazarar farko ta ƙona shi, ko ya zauna a tsumburare, jan ganyen nan dai ba za ta gan shi a Jambutu ba.

Na kafinta shi ne azobe, Lophira alata, ƙaton itacen kurmin kudancin Kamaru da ake yin gada da tashar jirgin ruwa da matashin layin dogo da katakonsa. Ruwan kurmi yake so, ba namu ba. Filawo kuwa, Casuarina equisetifolia, ɗan bakin teku ne. Shi aka jera a gaɓar Senegal tsakanin Dakar da Saint-Louis don tare rairayi. Ana ganinsa nan da can a garuruwanmu inda ake ba shi ruwa, amma inuwarsa sirara ce, kuma abin da mutane ke ɗauka ganye ne a jikinsa, 'yan rassa ne siraran gaɓa-gaɓa, in ka ja ɗaya sai ya cire a gaɓar.

Saura wanda ke tsaye a bakin hanya yana huda ƙafar yara. Wata shida kacal da dasawa, wasu sun kai ƙuguna, sun baje rassa ƙasa-ƙasa. Na karyo reshe na nuna wa Hajiya. Reshen kore ne, yana tafiya a karkace, gaɓa ta yi dama gaɓa ta yi hagu, kuma a gindin ganye ga ƙaya biyu miƙaƙƙu kamar allurar ɗinkin buhu. 'Yan ganyen ƙanana ne ƙwarai, sirara, jere da yawa. Wannan ita ce Prosopis juliflora, 'yar asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya da arewacin Amurka ta Kudu, wadda aka yaɗa a ƙasashen Sahel musamman bayan farin shekarun 1970 da 1980 don tare hamada. Ta tare, amma ta ƙi tsayawa inda aka ajiye ta. Dabbobi na cin kwasfarta mai zaƙi suna kai irin ko'ina cikin kashi, kuma duk wanda ya san yankin tafkin Cadi ya san yadda ta cinye filaye ta zama sarƙaƙiyar da ko saniya ba ta ratsawa. A cikin makarantar yara ƙanana, ba ta da wurin zama ko kaɗan. Na ce a tumɓuke duka tun ba su yi 'ya'ya ba, kuma a haƙo har gindin saiwar, domin in aka sare daga sama tohowa take yi. Uku da ma'aikata suka yi wa aikin ganin ido sun sake tohowa da damina, sai da aka koma musu da diga.

Abin da mai dashen ya karanta rabinsa shi ne Prosopis africana. Ita ce ake ce wa itacen ƙarfe, kuma ba baƙuwa ba ce: ƙirya ce, wadda Fulani ke kira kohi. Tsakaninta da mai ƙayar nan akwai nisa, har masana da kansu suka raba musu gida a 2022, suka mayar da ƙirya Anonychium africanum, mai ƙayar kuma Neltuma juliflora, ko da yake tsofaffin sunayen ne har yanzu a bakin ma'aikatan gandun daji. Da na ambaci ƙirya, Hajiya ta yi dariya ta ce, "Ta daddawa? Ta turmi? Malam, ado fa nake nema." Na ce ta ba ni mako guda in kawo mata abin da za ta gani da idonta.

Neman uwar da za a ɗebi iri shi ne aikin farko, kuma a kewayen Garwa manyan ƙirya sun yi wuya, masu gawayi sun riga mu. Wanda ya fi kowa sanin inda suka rage shi ne maƙeri, don haka na tafi wurin wani tsoho da ke ƙira a hanyar Gashiga. Na tarar da shi jikansa na yi masa zuga. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ajiye guduma ya dube ni.

"Ɗana, ƙirya ake shukawa? Ni dai tun da na tashi Allah ke shuka ta, mu mu sare."

Ya sa hannu cikin buhu ya ɗebo gawayi biyu, ya gwara su. Ƙarar ba ta gawayin dafa shayi ba ce, ƙyal-ƙyal take kamar an haɗa tasa da tasa. Ya ce wannan ne kaɗai ke riƙe wuta har ƙarfe ya yi laushi ba tare da ya zama toka a rabin aiki ba, kuma da can a bayan gari suke samu, yanzu sai an yi tafiya. Ƙotar gudumarsa ma ƙirya ce, ta yi baƙi tana ƙyalli saboda gumin hannu. Abin da tsohon ke faɗa haka yake a ma'auni: busasshen itacen ƙirya yakan kai kusan kilo 1000 a mita kubik ɗaya, gara ba ta cin cikinsa, shi ya sa ake turmi da taɓarya da dirkar rumbu da shi. A ƙasar Musey, can wajen iyakar Cadi, manoma kan bar ƙirya a tsaye cikin gonakinsu, kuma gumagumanta ake kafawa a kan kaburbura saboda ba sa ruɓewa da wuri. Baba maƙeri ya haɗa ni da jikan nasa, ya ce ya kai ni gonar wani ɗan'uwansa inda uku suka rage, amma in nemi izini kafin in tsinci ko kwasfa ɗaya.

Wanda bai saba ba zai iya ɗaukar ƙirya a matsayin ɗorawa ko tsamiya daga nesa, don haka ga abin da na duba a gindin bishiyar. Ɓawon baƙi-baƙi ne, kaushi, ya tsattsage yanki-yanki, in ka ɗan kankara da wuƙa cikinsa ja ne mai ruwan lemo. Babu ƙaya ko ɗaya, wannan shi ne babban abin. Ganyen ya rabu sau biyu: kara ɗaya yana ɗauke da ƙananan karare biyu-biyu, daga biyu zuwa huɗu a kowane gefe, kowanne kuma da 'yan ganye masu ɗan tsini, tsayinsu kamar gaɓar yatsa, kuma a daidai inda kararen biyu suka haɗu akwai ɗan ƙullutu ƙarami. Ganyen tsamiya sau ɗaya ya rabu. Na ɗorawa ya rabu sau biyu, amma 'yan ganyensa sun fi yawa nesa ba kusa ba, sun kuma fi ƙanƙanta, furenta kuwa jan ƙwallo ne mai reto, alhali na ƙirya zangarniya ce 'yar ƙarama, fari-fari mai ruwan ɗorawa, da ƙamshi, tana fitowa gab da faɗuwar damina. Kwasfar ita ce shaidar da ba ta gardama: kauri gare ta, mulmulalliya, baƙa mai sheƙi, tsayinta kamar tafin hannu, tauri kamar itace, ba ta fashewa da kanta, in ka girgiza ta a kunne sai ka ji 'ya'yan na caccaka a ciki. Kan bishiyar kuwa a buɗe yake, rassan suna zubowa ƙasa, ganyen kore mai haske. Na ɗauki hoto da yamma, rana na ratsa ganyen, na haɗa da reshe da kwasfa na kai wa Hajiya.

Ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi ƙirya ba, a turmi kawai ta san ta. Sai ta tambayi abin da nake jin tsoro: shekara nawa?

Ban ɓoye mata ba. Ƙirya ba ta da hanzari. Shekarunta na farko a ƙasa take kashe su, tana tura uwar saiwa can ciki neman danshi, sama kuwa kamar ba a yin komai. Na ce inuwar da za a shimfiɗa tabarma, kada ta sa rai da ita kafin shekara goma, kuma ganyenta yakan ragu da rani na ɗan lokaci kafin sabo ya fito. Ranta bai so ba. Ita makaranta ta kuɗi ce, iyaye da ido suke zaɓe, kuma ba za ta ce musu su dawo bayan shekara goma su ga inuwa ba. Hujjarta ta fi ƙarfin a ture, don haka muka yi sulhu. Ƙirya takwas a kowane gefe, mita goma tsakanin kowace biyu, mita uku daga bakin hanya. A tsakankaninsu kasiya, Senna siamea, wadda ta cika titunan Garwa da Marwa tare da dogon yaro, don ta ba da inuwa da fure cikin shekara biyu ko uku, bisa sharaɗin za a sare ta in ƙirya ta taso. A bakin ƙofa malga biyu, saboda furenta mai zubowa kamar zinariya a tsakiyar rani, ko ta rage wa Hajiya kewar launin da ta gani a hoto.

Irin ƙirya ba ya tsirowa da daɗin rai. Na daka kwasfar a turmi a hankali, na sheƙe, na zuba 'ya'yan a ruwa na kwashe waɗanda suka taso da waɗanda ƙwaro ya huda. Sauran masu sheƙi ne, launin ƙasa mai duhu, fatarsu ba ta barin ruwa ya shiga, shi ya sa a daji sai sun bi ta cikin saniya ko sun daɗe a ƙasa kafin su farka. A wuraren bincike da ruwan asid ake cinye fatar, amma ba zan kai wannan inda yara suke ba. Na kasa irin kashi uku a watan Fabrairu. Kashi ɗaya na shuka haka nan. Na biyu na tafasa ruwa, na sauke, na zuba su ciki na bar su har washegari. Na uku na bi su ɗaya bayan ɗaya da abin yanke farce, na ɗan ɓantare fatar a gefen da ke nesa da cibiyar ƙwayar, daidai yadda farin da ke cikin ƙwayar zai leƙo, sannan na jiƙa su a ruwan sanyi kwana guda. Da safe sun kumbura sun ninka. Waɗannan na ukun mafi yawansu sun fito cikin kwana goma. Na ruwan zafi kamar rabi, a rarrabe. Waɗanda ba a taɓa ba, har wata ya cika 'yan kaɗan ne suka leƙo. Yankan yana cin lokaci, amma ga mai neman itace ashirin ko talatin, aikin yammaci ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo nawa ne. Dogayen ledoji na yi amfani da su, ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, kuma na san dole a riƙa ɗaga su ana sauya musu wuri duk mako biyu don kada saiwa ta huda gindin leda ta kama ƙasa. A watan Afrilu wani aiki ya ɗauke ni zuwa Ngong, na bar su kusan wata guda. Da na dawo, tsiron da bai fi tsayin yatsa biyu ba ya riga ya kafa saiwa cikin ƙasa, ina ɗagawa ina jin tana tsinkewa. Waɗanda suka tsinke sun yi yaushi, wasu sun farfaɗo, amma har yau su ne ƙananan layin. Da zan sake, ko dai in ɗora ledojin a kan ragar waya sama da ƙasa, ko in jinkirta shuka zuwa ƙarshen Maris don kada su daɗe a leda.

Ramuka mun haƙa su tun Mayu, santimita 60 faɗi da zurfi, aka fasa marmarar ƙasan ramin da diga don saiwa ta sami hanya, aka mayar da ƙasar sama gauraye da ruɓaɓɓen taki. Garwa takan sami ruwa kimanin milimita 1000 a shekara, amma na farkon damina mayaudari ne, yakan zo ya ɗauke mako biyu, don haka ba mu dasa ba sai farkon Yuli, da yamma, bayan ƙasa ta sha ta ƙoshi. Aka yanke gindin leda, aka tsaga gefe, aka zaunar da dashen ba tare da ƙasar ta warware ba, wuyansa daidai da bakin ƙasa, aka yi masa ɗan kwano na tare ruwa, aka kewaye kowanne da ragar waya. A gefen katanga kuma na gwada wata hanyar: ramuka shida, ƙwaya uku-uku da aka ɓantare, kai tsaye cikin ƙasa ba leda, daga baya aka bar mafi ƙarfi.

Damina ba ta ba mu wahala ba, sai kusurwar gabas, inda biyu daga cikin na katanga suka yi ruwan ɗorawa suka mutu a watan Agusta saboda ruwan da ke kwanciya. Giyayya na sa a madadinsu, ita ce mai son irin wannan wuri. Rani ne ya yi mana jarrabawa. Tsarin shi ne bokiti ɗaya na lita 20 ga kowace, sau biyu a mako, daga Nuwamba har ruwa ya sauka. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi 'yar yayyafa kullum, domin shi ke jan saiwa ƙasa. Aka raba wa azuzuwa itatuwan, kowane aji da nasa, abin ya yi kyau a makon farko, daga baya wasu suka sha ruwa har suka gaji, wasu aka manta da su, sai aka mayar da aikin hannun Baba maigadi. Shi kuma don ƙauna ya kwaso ɗanyen kashin shanu ya tula a gindin biyu da ya ga sun rame. Gara ta bi takin ta zo, ta cinye ɓawon saiwar. Taurin da ake yaba wa ƙirya na tsohuwar bishiya ne, jaririyarta laushi gare ta kamar kowa. Muka kwashe, muka barbaɗa toka, muka janye busasshiyar ciyawar da aka rufe gindi da ita ta bar jikin kara da tafin hannu guda, amma biyun nan sun tafi. Uku kuma awaki ne, a hutun Disamba, ranar da masu kawo yashi suka bar ƙofa a buɗe suka kuma ture ragar.

Da shekara ta zagayo sai wani aiki ya taso, na gyaran tsayuwa. Ƙirya in an bar ta da halinta, karkacewa take yi ta yi rassa tun daga ƙasa, wanda a gona ba laifi ba ne, amma a bakin hanya ana son gangar jiki miƙaƙƙiya da mutum zai wuce ƙarƙashinta. Na kafa wa kowace sanda, na ɗaure da tsumma sako-sako, na zaɓi kai ɗaya. Rassan ƙasa ba a kwashe su lokaci guda, domin su ke ciyar da kara ya yi kauri. Ɗaya ko biyu nake cirewa a shekara, da wuƙa mai kaifi, gab da damina. A rani na biyu ruwan ya koma sau ɗaya a mako, Maris da Afrilu kawai. Huɗun da aka shuka kai tsaye a gefen katanga, waɗanda suka fara a baya, sun kamo na leda a shekara ta biyu, kuma ba su nuna ƙishi kamar su ba.

Sai kuma abin da ban shirya masa ba. A bayan masallaci akwai wani kurmin toho da Baba maigadi ke sassabewa duk damina saboda macizai. Wata rana a farkon damina ta biyu na bi ta wurin neman inda zan wanke hannu, na ga ganyen, na tsuguna na duba: ba ƙaya, ga ƙullutu a mahaɗar karare. Na tone ƙasa kaɗan, sai ga baƙin kututture mai faɗin faranti. Ƙirya ce babba da aka sare kafin a yi gini, saiwarta na nan da rai tana ta turo toho shekara da shekaru ana datsewa. Muna ta fama da abin yanke farce da bokiti, ashe ga uwa a cikin gida. Na yi mata abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna yi a gonakinsu tun shekarun 1980: na zaɓi toho biyu mafi miƙewa na cire sauran, bayan shekara na bar ɗaya. Ba ta sha ko bokiti ɗaya ba. Da yake saiwar tsohuwa ce, yanzu ta wuce tsayin katanga, ta fi duk abin da na dasa.

Bayan damina ta uku, cikin sha shida na bakin hanya sha ɗaya ne a raye, an cike gurbin biyar da sababbi. Mafi tsayinsu ta kai kafaɗata, mafi ƙanƙanta gwiwa. Malga ɗaya ta kama, ɗaya ta ƙi. Kasiya kuwa ta yi abin da aka ɗauko ta ta yi har ta zarce: ta wuce rufin aji, ta yi furenta ruwan ɗorawa, masu sayar da ƙosai sun fara zama ƙarƙashinta, iyaye suna yaba wa Hajiya. Saiwarta a sama-sama take yawo tana shanye danshin da ya kamata ƙirya ta samu, inuwarta kuma ta fara rufe huɗu daga cikinsu, ga shi ƙirya ba ta girma sai da rana a kanta. Na tuna wa Hajiya sharaɗinmu. Ta ce, "Malam, in sare mai inuwa saboda wadda ba ta kai ƙirjina ba? Me zan ce wa mutane?" Da ƙyar ta yarda aka rage rassan da suka fuskanci ƙiryar, aka kuma haƙa ɗan rami tsakaninsu aka datse saiwoyin da suka miƙo. Kasiya huɗun da suka fi matsawa na shafa musu jan fenti a jiki tun watan Oktoba, alamar su za a fara sarewa. Ta ce a bari sai an yi hutu. An yi hutun an dawo, suna nan tsaye da fentinsu.